Rotimi Fani-Kayode: Baƙo a Gida, Baƙo a Waje



Laccar yau ta shafi wani mai ɗaukar hoto, Bayerabe, wanda bai wuce shekara 34 a duniya ba. An haifi Rotimi Fani-Kayode a Legas a 1955, cikin babban gida mai asali a Ile-Ife. Mahaifinsa shi ne Mataimakin Firimiyan Jihar Yamma. Bayan juyin mulkin 1966 iyalin suka ƙaura Ingila. Ya yi karatu a Jami'ar Georgetown da Kwalejin Pratt a Amurka, sa'an nan ya koma Landan a 1983.

Shi da kansa ya bayyana cewa baƙuncinsa hawa uku ne. An raba shi da ƙasarsa tun yana yaro; namiji ne mai sha'awar maza 'yan'uwansa; kuma bai zama magidanci mai babban muƙami ba, irin wanda iyayensa suka yi fata. Wani da ya ɓoye ɗaya daga cikin ukun don ya tsira da sauran. Shi kuwa sai ya haɗa su duka a hoto guda.

A dubi hotonsa na 1987 mai suna Sonponnoi, wanda ya samo sunansa daga abin bautar Yarbawa na cutar agana. Jikin baƙin mutum ne, ba a nuna kansa ba, an yi masa ɗige-ɗige kamar ƙuraje, yana riƙe da kyandira masu ci. A shekarun nan ƙanjamau na ta kashe samari a Landan, jama'a na ƙyamarsu kamar yadda a da aka ƙyamaci mai agana. To, wannan abin bauta da ake tsoro, shi ne kuma ake roƙo don neman waraka. Baturen da bai san al'adar ba tsiraici kawai zai gani. Bayeraben da ya santa zai gane abin bautar, amma mai yiwuwa ya kau da kai. Ko wannensu rabin hoton ya samu.

A 1988 ya fitar da littafinsa Black Male/White Male, aka kuma kafa ƙungiyar Autograph ta baƙaƙen masu ɗaukar hoto tare da shi, ya zama shugabanta na farko. Ya rasu a Landan cikin Disamba 1989.