Gajeren Famfo Ko Dogo: A Auna Kafin A Saya

Jawabi ga direbobi da masu tsofaffin motoci na Ƙaraye da Rogo

Jawabin yau a kan famfon ruwan injin mota ne.

A ƙasar Ƙaraye da Rogo tsofaffin motoci na yin babban aiki. A-kori-kura ce ke kwaso rake da masara daga ƙauyuka. Ita ce ke kai tumatirin masu noman rani na Dam ɗin Chalawa kasuwar 'Yan Kaba a Kano. Akwai Peugeot 504 a cikinsu. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975. Yanzu an daɗe da daina yin 504. Saboda haka kayan gyaranta sai an tona, wasu ma an sauya musu inji.

Mene ne aikin famfo? Inji na yin zafi idan yana aiki. Famfo ne ke tura ruwa ya zagaya cikinsa. Daga nan ruwan ya koma lagireto ya huce. Fambel ne ke juya famfon. A tsofaffin motoci fanka na ɗaure a bakinsa.

To, famfo ba tsawonsu ɗaya ba. Akwai gajere, akwai dogo. Misalin da aka fi sani shi ne na injin Chevrolet mai silinda takwas na Amurka. Daga 1955 zuwa 1968 gajere ake sa wa yawancin ƙananan motocin. Daga 1969 aka koma dogo. Gajeren ya ɗara inci biyar da rabi kaɗan. Dogon kuwa wajen inci bakwai ne. Bambancin bai wuce faɗin yatsu biyu ba. Amma wannan ɗan bambanci na iya tsayar da mota a daji.

Amfanin gajere shi ne yana barin fili tsakanin fanka da lagireto. Wannan na da muhimmanci a hanyar ƙauye mai ramuka. Idan robobin da ke riƙe inji sun saki, inji kan yi gaba. Sai fanka ta yanki lagireto, ruwa ya tsiyaye. Haka kuma wanda ya sa babban inji a ƙaramar mota, gajere ne zai ba shi wuri.

Illarsa fa? Fambel na bi ta kan gargare uku: na inji, na famfo, da na injin cajin batir. Dole ukun su kasance a layi ɗaya. Idan aka sa gajere a gurbin dogo, layin ya karkace. Fambel zai riƙa ƙara, ya cinye, ya fita. Da ya fita famfo ya tsaya, caji ma ya tsaya. Inji ya tafasa, gasket ya ƙone. Tumatir kuma ya ruɓe a bakin titi. Ban da haka, idan fanka ta yi nisa da lagireto ba ta jawo iska sosai.

A lura da wannan: tsawon famfo ba shi ke sanyaya inji ba. Gajere mai lafiya da dogo mai lafiya duk ruwa suke turawa. Abin nema shi ne wanda ya dace da injin.

Saboda haka mai zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa sayen famfo ya tafi da tsohon a hannu. Ya jera su biyun ya gani da idonsa. Ya auna daga gindi zuwa inda ake ɗaura gargare, ya rubuta a takarda. Ya juya sabon da hannu. Idan yana girgiɗi ko gurnani, boris ɗinsa ya mutu. Bayan an ɗaura, bakanike ya aza miƙaƙƙen ƙarfe a kan gargaren ya tabbatar sun daidaita. Wanda kuwa ya ga lallai sai gajere, to ya sauya gargaren da maɗaurin injin caji gaba ɗaya.

Kada mai mota ya ruɗu da sauƙin kuɗi, domin araha ba ta ado. Kuɗin famfo bai kai kuɗin sauke inji ba. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.