Daga Rumfar Zaɓe Zuwa Zauren Kotu: Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Manyan Digirori na Kimiyyar Siyasa

 

Mai girma Shugaban Jami'a, iyayenmu sarakuna da wakilansu, Allah ya ja zamaninku, masu shari'a da suka karrama mu da zuwa, shehunan malamai, iyaye da iyalan da suka yi shekaru suna haƙuri da mai karatu, sannan ku 'ya'yana da ƙannena da kuka kammala digiri na biyu da na uku, ina taya mu duka murnar ganin wannan rana.

An nemi in yi magana kan sana'ar da wasunku za su shiga daga gobe, wato koyarwa da bincike a jami'a. Zan tsaya a fannin da na ba rayuwata, wanda nake fatan wasunku su gada: yadda ake neman ƙuri'a da ɗan alheri, da yadda kotu ke yanke wa zaɓe hukunci. A manhajar jami'a darussa biyu ne, kowane da malaminsa. A ƙasar nan kuwa hanya ɗaya ce, tana farawa daga layin masu zaɓe ta ƙare a gaban alƙalai, kuma mai binciken da ya tsaya a rabinta bai san ta ba.

Tun daga Jamhuriya ta Biyu muke kan wannan hanya. A 1979 doka ta ce sai ɗan takarar shugaban ƙasa ya samu rubu'in ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi 19. Alhaji Shehu Shagari ya samu a jihohi 12, a Kano kuma ya tsaya a kusan kashi 20 cikin 100. Cif Obafemi Awolowo ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Satumba cewa Shagari ya cika sharaɗi, Mai Shari'a Kayode Eso kuma ya rubuta saɓanin ra'ayin 'yan'uwansa. Ke nan mulkin farar hula na wancan zamani ya soma ne da lissafin da alƙalai suka yi a kan ƙuri'un Kano.

Ku dubi na zamaninku. A 2007 Kotun Ƙoli ta ba Rotimi Amaechi kujerar gwamnan Ribas, alhali wani ne jam'iyyarsa ta tsayar a ranar zaɓe, saboda Amaechi ne ya ci zaɓen fidda gwani aka sauya sunansa. A watan Mayun 2019 ta soke dukkan ƙuri'un APC a Zamfara saboda jam'iyyar ba ta yi zaɓen fidda gwani bisa ƙa'ida ba, Bello Matawalle ya zama gwamna. A Janairun 2020 ta ba Hope Uzodinma jihar Imo, bayan hukumar zaɓe ta ce shi ne na huɗu. A Kano, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zabtare wa Abba Kabir Yusuf ƙuri'u 165,663 a 2023, Kotun Ƙoli ta mayar masa da su a Janairun 2024.

Ku lura da Ribas da Zamfara. Duka biyun daga zaɓen fidda gwani rigimar ta taso, can inda iyayengida ke ja-in-ja kan wanda za a tsayar, inda daliget ke tsada. Richard Joseph, wanda ya koyar a Jami'ar Ibadan, ya bayyana a littafinsa na 1987 yadda ake ɗaukar kujerar gwamnati a matsayin rabon da mai ita zai ci, ya ciyar da mutanensa. Idan haka kujera take, ɗan takarar da ya sayar da gida, ya ci bashin ubangida, ya raba babura da buhunan shinkafa, ba zai iya rungumar ƙaddara ba. Kuɗin da ya fita a mazaɓa shi ke ingiza shi kotu. Wanda aka rantsar kuma yana kare kansa da ƙarfin ofis yayin da shari'a ke gudana. Shi ya sa kalmar "ku tafi kotu" ta yi sauƙi a bakin wanda ya yi nasara.

Nasihata ta farko ita ce ku je rumfar zaɓe da ladabi. Za ku ga uwa da goyo tun hantsi tana kan layi. Ta dangwala, ta ɗan karkata takardar yadda wani da ke tsaye nesa kaɗan zai hango, ta jefa a akwati, sannan ta zagaya bayan katanga inda wani ke riƙe da jerin sunaye. Ta fito da taliya da sabulu, ko 'yan kuɗi a ƙulle a bakin zane. Mai gaggawa zai rubuta cewa jahilci ne. Ku zauna da ita tukuna. Za ta gaya muku asibitin garinsu ba magani, kuma ranar da ɗanta ya kwanta, shugaban jam'iyya na mazaɓa ne ya biya kuɗin mota. Lissafi take yi da abin da rayuwa ta nuna mata. A zaɓen shugaban ƙasa na 2001 a Jamhuriyar Benin, Leonard Wantchekon ya shawo kan 'yan takara suka yarda a gwada saƙo iri biyu a ƙauyuka daban-daban: alkawarin alheri ga 'yan gari, da manufar da za ta amfani ƙasa baki ɗaya. Alkawarin alheri ya fi jan ƙuri'a, amma mata sun fi maza karɓar saƙon amfanin kowa. Irin wannan sani ba ya samuwa daga kujerar ofis, kuma ƙauyukanmu na jiran wanda zai yi musu tambayar da irin wannan kulawa.

Ta biyu, ku je kotu da haƙuri. Ku shiga ofishin rajista, ku ga takardun sakamakon rumfuna a ɗaure cikin buhuna, wasu tawadar ta dushe, wasu ba sa hannun wakilin jam'iyya. Tsarin mulki ya ba mai ƙara kwana 21 ya shigar da ƙorafi, ya ba kotun zaɓe kwana 180 ta gama, kotun ɗaukaka ƙara kuma kwana 60. A cikin wannan wa'adi ake son mai ƙara ya tabbatar da maguɗi rumfa bayan rumfa, da shaidun da suka gani da ido, a ƙasar da ke da rumfunan zaɓe sama da 176,000. Wanda ya fahimci wannan zai gane cewa ƙara na iya faɗuwa ba tare da an ba kowa ko kwabo ba. Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ga matsalar tun 2008, ya ba da shawarar a ɗora wa hukumar zaɓe nauyin tabbatar da sahihancin zaɓenta, a kammala shari'a kafin rantsuwa, a kafa hukumar hukunta laifukan zaɓe. Dalilin da ya sa waɗannan shawarwari suka kwanta aikin bincike ne da ke jiranku.

A majalisar shayi kowa na iya cewa an sayi alƙali. Ku ba ku da wannan damar. Ku karanta hukunci daga farko har ƙarshe, ku kwatanta shi da na baya, ku ga inda kotu ta bi maganarta da inda ta saɓa, sannan ku faɗi abin da hujja ta nuna ko da zai ɓata wa wani rai. Ku rubuta tarihin masu tsayuwa kan gaskiya kamar yadda kuke bin diddigin masu karkata. A Nijar, a 2009, Kotun Tsarin Mulki ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye ta ce wa Shugaba Mamadou Tandja shirin tazarce ya saɓa doka. Ya rushe kotun, ya yi ƙuri'ar raba gardama, sojoji suka kifar da shi a Fabrairun 2010. Alƙalan nan sun rasa kujerunsu, amma sun bar wa ɗalibin siyasa darasin abin da ke biyo bayan taka hukunci.

Ta uku ta shafi kanku. Abin da kuke bincike a kansa zai zo har ƙofarku, da sunan aikin ba da shawara ko kujerar wata hukuma. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Daga cikinmu ne Farfesa Attahiru Jega ya fito, ya zauna a kwamitin Uwais, ya shugabanci hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015, ya jawo malaman jami'a su zama masu tattara sakamako. Daga cikinmu ne kuma aka samu farfesan da kotu a Akwa Ibom ta yanke wa ɗaurin shekara uku a 2021 saboda sauya sakamakon zaɓe. Wata rana za a miƙa wa ɗayanku takardar sakamako da alƙalami cikin dare, waya tana ta ƙara a aljihu. Ku yanke shawarar abin da za ku yi tun yau.

Idan kun gano wani abu, kada ku bar shi a mujallar da abokan aiki kaɗai ke karantawa. Ku kai shi gidan rediyo da Hausa, da Fulfulde, da Kanuri, domin uwar nan mai goyo ta ji abin da aka yi da ƙuri'arta bayan ta bar rumfa. Ita ta ba ku labarinta, haƙƙinta ne ta ji sakamakon.

Iyaye, Allah ya saka muku da alheri. Malamai, Allah ya ba da ladan tarbiyya. Ku kuma masu fita, Allah ya sa albarka a karatunku, ya tsare alƙalumanku, ya ba ƙasarmu shugabanni da alƙalai masu tsoronsa.