Amsar Wasiƙunku: In Sayar Da Albasa In Saya Wa Yaro Turancin Waya?

 

Wasiƙarmu ta farko yau ta fito ne daga wani Alhaji manomin albasa a ƙasar Goronyo. Ya roƙa a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Alhaji ya ce yana da ɗa wanda ya gama sakandare da kiredit a Turanci, yanzu yana aji biyu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo nan Sakkwato. Yaron yana karanta jarida, shi ne ma ke yi masa magana ta waya da masu sayen albasa daga Legas. To amma yaron ya ce Turancinsa bai kai ba, yana son mai zurfi, don yana da burin ƙaro karatu a waje. Sai wani mai shagon waya kusa da babbar kasuwa ya nuna masa wata manhaja, wato darasin da ake sa wa cikin waya, ya ce in an biya kuɗin shekara guda da dala, cikin wata uku yaro zai riƙa Turanci kamar Bature. Alhaji ya yi lissafi ya ga sai ya fid da buhu uku daga albasar da ya adana a rudu. Shi ne yake tambaya: in sayar, ko in dakata?

To Alhaji, Allah ya saka da alheri, ya kuma yi wa yaro albarka. Amsarmu a taƙaice ita ce, ka dakata tukuna. Bar albasarka a rudu. Amma tun da kai ɗan kasuwa ne, ba za mu ce maka dakata kawai mu yi shiru ba, bari mu buɗe maka yadda wannan kasuwa take, ka auna da kanka.

Sayar da koyon harshe a cikin na'ura ba yau aka fara ba. Tun 1901 aka kafa wani kamfani a Landan mai suna Linguaphone, wanda ya yi suna da sayar da darussa a faifan garmaho. A 1943 BBC ta fara koyar da Turanci ta rediyo. Da yawa cikin masu saurarenmu sun tuna zamanin kaset, lokacin da mutum zai sayo kaset shida da ɗan littafi, ya saurari biyu, sauran huɗun yara su ɗauki waƙa a kai. A 1992 wani kamfani a Amurka ya fito da Rosetta Stone a faifan kwamfuta. Sai a 2012 aka buɗe Duolingo, wadda wani malamin jami'a ɗan ƙasar Gwatemala, Luis von Ahn, ya kafa tare da ɗalibinsa. A 2024 masu buɗe ta kowane wata sun haura mutum miliyan 100. Ka ga dai mazubi ne ke canjawa, daga faifai zuwa kaset zuwa waya. Kirarin 'yan talla kuwa bai canja ba, kullum wata uku ne.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Masana a Turai sun kasa iya harshe kashi shida, kamar tsani mai matakai shida, sun fitar da wannan ma'auni a 2001. Matakai biyu na ƙasa su ne na mai koyon gaisuwa da ƙirga kuɗi da tambayar hanya. Biyu na tsakiya su ne na wanda zai iya ciniki, ya yi hira, ya karanta labari ya gane. Biyu na sama su ne na wanda zai karanta littafi mai nauyi, ya rubuta hujja shafi goma ba tare da ta warware ba, ya kuma gane habaici in an yi masa. Bisa bayanin da ka yi mana, Alhaji, yaronka yana tsakiya, yana miƙa hannu zuwa sama.

To wa ya fi yawa a kasuwa? Na ƙasa mana. Kai ma ka sani, in ka kasa kaya, abin da jama'a suka fi nema shi kake cika rumfa da shi. Kuma masu farawa buƙatarsu iri ɗaya ce. Da Bahaushe da Basine da Balarabe, duk “ina kwana” da “nawa ne” za su fara koya. Kamfani zai shirya darasi sau ɗaya ya sayar wa miliyoyi, kamar mai sayar da gishiri ko ashana. Amma wanda ya yi nisa, matsalarsa tasa ce shi kaɗai. Wani kalmomi ne ba su ishe shi ba. Wani yana da kalmomi amma in ya rubuta wasiƙa ga babba sai ta fito da tsaurin ido, alhali ladabi ya nufa. Wani kuma yana ji sarai in malaminsa na Nijeriya ya yi magana, amma in mutumin Ingila ya yi sauri sai ya ɓace. Wannan aikin tela ne, sai da awo, kuma ɗinkin awo ba ya arha. Shi ya sa za ka ga kasuwar ta cika maƙil da kayan masu farawa, in ka nemi na wanda ya yi nisa sai ka tarar 'yan kaɗan ne, su ma sau da yawa tsohon darasi ne aka ƙara wa kalmomi masu wuya aka canja masa suna.

Ba muna cewa masu waɗannan manhajoji macuta ba ne, a'a. Ga wanda bai san komai ba suna da amfani, kuma mafi yawan masu amfani da Duolingo ba sa biyan ko kwabo, talla kawai ake nuna musu. Abin da muke cewa shi ne, kamfani ribarsa tana ga ka riƙa dawowa kullum. Don haka ake yin darasin gajere, mai daɗi, ana ƙirga maka kwanaki, ana yi maka tafi in ka ci. Yaron da ya riga ya ci kiredit zai yi ta cinye tambayoyin nan yana murna, shekara ta ƙare, rubutunsa na nan inda yake.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ta fi shafarka. Farashin da aka yanka da dala ba ya tsayawa wuri ɗaya. A farkon 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Bayan da aka saki naira a watan Yuni na shekarar, kafin 2024 ta yi nisa ta haura naira 1,500. Wanda ya shiga biyan wata-wata kafin nan, ka ga abin da ya same shi. Na biyu, yawancinsu in ka sa lambar katin banki sau ɗaya, in wa'adi ya cika da kansu suke cire kuɗin sabuntawa, sai in kai ka shiga ka dakatar. Na uku, akwai kuɗin data, wanda a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanoni su yi ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari. Kuma mutanen gabashin Sakkwato ba sa buƙatar mu tuna musu 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi da dama saboda matsalar tsaro. Darasin da sai da sabis yake buɗewa, ranar da babu sabis babu makaranta, kuɗinka kuwa yana tafiya.

Game da batun “kamar Bature” kuwa, Alhaji, wannan magana ce ta jawo ciniki. Babu jarrabawar da ke ba da maki don mutum ya shaƙe hanci. Abin da ake nema shi ne a fahimce ka, kai ma ka fahimta. Turawan da kansu, a watan Janairun 2020, sun shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya cikin babban ƙamus na Oxford, har da okada da Kannywood. Yaro ya riƙe muryarsa, ya gyara hujjarsa.

To me za a yi masa? Ka zaunar da shi ka tambaye shi, wane wuri ne takamaimai Turancin ke ba shi wuya? In ya kasa faɗa, to bai isa sayen komai ba tukuna, don ba a zuwa kemis a ce a ba ni magani ba tare da an faɗi ciwo ba.

In ya faɗa, abu na farko ƙamus ne mai kyau. Akwai wanda wani malami Bature, A. S. Hornby, ya tsara musamman don waɗanda Turanci ba harshen iyayensu ba ne kuma sun yi nisa, Oxford ta buga shi a 1948, ana ta sabunta shi har yau. Sunansa Oxford Advanced Learner's Dictionary. Ana samunsa a shagunan littattafai, kuma ana duba kalmominsa kyauta a intanet, har da jin yadda ake furta su. Don gyaran kunne, BBC tana da wani shiri na minti shida mai suna 6 Minute English, kyauta ne, yana iya sauke shi in ya shigo gari ya saurara a gida ko a gona. Sai karatu. Ba guntun saƙon waya ba, littafi sukutum daga bango zuwa bango, kuma ɗakin karatun jami'arsu yana nan, kuɗin makarantar da ka biya ya haɗa da shi.

Amma babban abin, wanda in za ka kashe kuɗi a nan ya kamata ka kashe, shi ne rubutu da mai gyara. Ya riƙa rubuta shafi ɗaya kullum, ya sami malamin Turanci, ko a jami'arsu ko a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ko wani tsohon malamin sakandare da ya yi ritaya a unguwa, ya kai masa duk mako ya bi da jan biro. Ka riƙa yi wa malamin ihsani, ko da kwandon albasa ne. Abin da jan biron nan zai yi cikin wata uku, wallahi tafin waya ba zai yi shi ba cikin shekara. Kai ma ka ba shi aiki: ya rubuta maka yarjejeniya da masu sayen kayanka na kudu, nawa ne buhu, wa zai biya mota, wa zai ɗauki asara in kaya sun ruɓe a hanya. Turancin da kuɗi ke rataye a kansa, mutum ba ya wasa da shi.

Wataƙila yaron zai ce maka ai yanzu akwai ChatGPT da 'yan'uwanta, waɗanda suka fito tun ƙarshen 2022. Gaskiya ne, kuma ga wanda ya yi nisa sun fi manhajojin wasa amfani, don yana iya ba su rubutunsa su nuna masa inda ya karkace, kuma akwai na kyauta. Sai dai abu biyu. Suna yin kuskure da ƙarfin hali, ba sa ko ƙifta ido. Sa'an nan in yaro ya saba ce musu su rubuta masa, to ya ɗauki ɗan ƙodago ne, gona za ta nomu amma shi bai iya riƙe fartanya ba. Ya rubuta da kansa tukuna, sa'an nan ya kai a duba.

In kuma maganar fita waje ta tabbata, can ne kuɗi na gaske ke jiranka. Jami'o'i da yawa suna neman jarrabawar IELTS, mai kashi huɗu: saurare, karatu, rubutu da magana, kuma sakamakonta shekara biyu kawai ake karɓarsa, don haka kada ya yi gaggawar zaunawa tun yana aji biyu. Kafin ma ya biya, ya rubuta wa makarantar da yake so ya tambaya, domin akwai jami'o'i a Ingila da ke karɓar kiredit ɗin Turanci na WAEC a madadinta. Buhunan nan uku, Alhaji, ka ajiye kuɗinsu don wannan rana. In kuma duk da haka ransa ya biya da manhajar, ya gwada ta kyauta tukuna, ya rubuta shafi ɗaya ran farko, ya rubuta wani bayan wata guda, a kai wa malami ya faɗi ko akwai bambanci.

Wasiƙa ta biyu gajeriya ce, kuma ta yi daidai da ta farko. Wani saurayi ne mai tura waƙoƙi da wa'azi a memori a wata kasuwar ƙauye wajen Illela, yana tambaya ko in ya ƙara da darussan Turanci zai samu ciniki. To samari, za ka samu, amma ka san masu sayenka. Tun 2015 da JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya, kuma Turanci dole ne ga kowane ɗalibi, yaran ƙauye suna neman inda za su gwada hannu kafin ranar. Su ne kasuwarka ta farko. Ta biyu 'yan kasuwa ne masu son Turancin ciniki da bayanin Hausa, don manyan kamfanonin waje ba su damu da yi wa Bahaushe bayani da harshensa ba, malamanmu na gida ne ke wannan aiki. Ka nemi izinin malamin da ya yi darasi kafin ka sayar da wahalarsa, ka kuma guji manhajar sata da aka fasa, tana iya lalata wa mutum waya ya dawo ya riƙe maka wuyan riga. Ɗan jami'a irin yaron Alhaji kuwa, in ya zo rumfarka, ka gaya masa gaskiya ba ka da kayansa.

Jama'a, lokaci ya yi mana halinsa. Akwai wasiƙu biyu kan tsutsar albasa da farashin taki, su za mu fara da su mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku ci gaba da aiko mana, a rubuta da Hausa ko da ajami, duk muna karantawa.