Kafin A Gina Aji, A San Abin Da Za A Karantar A Cikinsa

A ranar Lahadin da ta gabata ne matasa masu karantarwa a makarantun Islamiyya daga yankunan Maƙarfi, Ikara da Kudan suka hallara a garin Nasarawan Doya domin sauraron lacca a kan tsara manhaja. Wani malami da ya daɗe yana horar da malamai ne ya gabatar da ita. Ga abin da jawabin nasa ya ƙunsa.

Bayan yabo ga Allah Ta'ala da salati ga Manzo (S), Malam ya ce a yau da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da Islamiyya ba, kuma akasari matasa ne ke riƙe da su, wasu ma ba a biyan su ko kwabo. Amma, in ji shi, sau da yawa sai a tara kuɗi a gina aji, a ɗinka wa yara tufafin makaranta, sannan kowane malami ya shiga da littafin da ya ga dama. Idan ya tafi ci-rani, wanda ya gaje shi ya koma farko. Yaro ya shekara shida yana maimaita babin tsarki, bai taɓa kaiwa azumi ba. Ya ce: “'Yan'uwa, shekarun yaro amana ce, kuma idan sun wuce ba sa dawowa.”

MECE CE MANHAJA?

Malam ya ce manhaja ta wuce jerin sunayen littattafai. Ita ce duk abin da makaranta ta shirya da gangan domin ɗalibi ya sani, ya iya, ya kuma ɗabi'antu da shi, daga ranar shigarsa har ranar fitarsa. Ya ambaci wani masani ɗan Amurka, Ralph Tyler, wanda a 1949 ya taƙaita aikin a tambayoyi huɗu: manufa, abin da za a koyar, yadda za a jera shi, da kuma yadda za a gane an cimma manufar.

Sai dai ya ja hankali da cewa kada wani ya ɗauka Bature ne ya zo mana da tsari. A makarantar allo yaro yakan fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, sannan ya iya haɗa baƙi, har ya kai ga sauka. A zaure kuma ana bin Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, har zuwa Muhtasar, daga ƙarami zuwa babba. Ba a wanke wa yaro allo sai ya biya. Malam Abdullahi na Gwandu ma ya rubuta littafin Ida'un Nusuki, inda ya jera malamansa da littattafan da ya karanta a wajensu. Wannan duk manhaja ce, ko da ba a kira ta da sunan ba.

TUSHE HUƊU

Tushe na farko, a cewarsa, shi ne aƙidar masu makarantar game da mutum da rayuwa. Babu manhajar da ba ta da manufa, ko an faɗa ko an ɓoye. Ya ba da misali da makarantar da Hans Bisha, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922. Turawa sun san abin da suke nema: malamai, akawu da ma'aikatan En'e, kuma su suka samar. Tambayar da ke kanmu ita ce, mu wane irin mutum muke so mu fitar?

Tushe na biyu shi ne sanin yaro kansa. Ya ce Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi bayani a Muƙaddima cewa ilimi da kaɗan-kaɗan yake shiga, a fara da dunƙulallen bayani, a sake dawowa a faɗaɗa, kuma tsananin duka yana koya wa yaro ƙarya da ragwanci. Alƙur'ani ma, in ji Malam, cikin shekara 23 ya sauka.

A nan ne ya taɓo batun harshe. Ya ce daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka karantar da yara da Yarbanci shekara shida ta firamare, kuma suka fi takwarorinsu da aka karantar da Turanci. Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare a 2022, sannan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi ya sanar da soke tsarin. Ya ce ko me gwamnati ta yanke wa makarantunta, a Islamiyya babu mai hana ka fassara wa yaro karatu da Hausar da yake ji.

Tushe na uku shi ne al'ummar da makarantar take ciki. Ya ce nan ƙasar rake ce da tumatir da masara. Yaron da ubansa ke kai rake kasuwar Maƙarfi ko yake dafa mazarƙwaila, yana buƙatar sanin hukuncin ciniki, bashi, awo da zakkar amfanin gona, tare da lissafin da zai fitar da ita. Kuma mai tsara zangon karatu dole ya san lokacin shuka da na girbi, domin a nan ne aji kan zama wayam.

Tushe na huɗu shi ne tarihi. Ya tunatar da cewa a 1969 aka yi babban taron manhaja na ƙasa a Legas, wanda ya haifar da Manufar Ilimi ta Ƙasa a 1977 da tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982. Niyyar ita ce yaro ya fita ƙaramar sakandare da sana'a a hannu. Aka sayo injuna daga ƙasashen waje, amma da yawansu suka lalace a akwati saboda babu lantarki, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya iya su.

MALAMI DA AUNAWA

Malam ya ce darasin da ke cikin wannan shi ne, manhaja a hannun malami take rayuwa ko ta mutu. Ya tunatar da mahalarta cewa a 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta ce 21,780 daga cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da aka gindaya ba. Ya ce duk da ce-ce-ku-cen da aka yi a kan jarrabawar, ya kamata mai karantarwa a Islamiyya ya tambayi kansa: in aka jarraba ni a kan littafin da nake koyarwa, zan haye?

Game da aunawa kuwa, ya ce ana yawan ruɗuwa da hadda. Yara su haɗa baki su rera, iyaye su ji daɗi a ranar walima, amma in ka ware yaro guda ka buɗe masa shafin da bai saba ba, sai ya yi shiru. Idan manufar ita ce iya alwala, to a ba shi buta a gani. Idan karatu ne, a ba shi abin da bai haddace ba. Idan gaskiya da riƙon amana ne, sai a tambayi gida da maƙwabta.

ABIN YI

A ƙarshe Malam ya buƙaci kowace makaranta ta yi abu biyar kafin sabon zango. Ta rubuta a shafi ɗaya abin da ɗalibinta zai iya idan ya kammala. Ta raba wannan a kan azuzuwa da zanguna, kowane aji da littafinsa da inda zai tsaya. Kowane malami ya riƙe littafin da zai riƙa rubuta inda ya kwana, domin wanda zai gaje shi ya ɗora. A zauna da iyaye a ji bukatunsu, musamman game da karatun 'ya'ya mata. Sannan a duba manhajar hukumar NBAIS mai shirya jarrabawar Larabci da addinin Musulunci, domin ɗalibin da ke son ci gaba kada ya tarar da ƙofa a rufe.

Ya ce wannan aiki ba ya buƙatar kuɗi masu yawa, abin da yake buƙata shi ne zama, shawara da haƙuri, kuma a riƙa sake duba shi duk ƙarshen shekara. Ya gargaɗi matasa da su guji girman kai, su nemi tsofaffin malaman zaure da na boko da ke garuruwansu su ɗauki abin da ke wajen kowanne.

Daga nan ya yi addu'ar Allah Ya sa albarka a karatun yaran, Ya saka wa masu karantar da su da alheri, Ya kuma ba su ikon sauke amanar da suka ɗauka.