Hazon Safiya da Sunansa a Turanci

Jama'a, yau za mu koyi wata kalmar Turanci, watau "mist". Ma'anarta hazo mara kauri, irin wanda mukan gani bisa fadama da asuba. Ba ƙurar hunturu ba ce, ƙananan ɗigon ruwa ne cikin iska.

In muna iya hangen abin da ya wuce kilomita 1, sunansa "mist". In ya yi kauri har ya hana mu hangen haka, sai Turawa su ce "fog".

Kalmar tsohuwa ce ƙwarai. Mutanen Ingila sun fi shekara 1,000 suna faɗinta, mutanen Holan ma suna da ita.

To, direbobinmu, in mun ji "fog" a rediyo, sai mu rage gudu, mu kunna fitila. Fasinjojinmu amana ne.