Daga Kainji Zuwa Ƙwan Ɗakinmu: Hanyar Da Wutar Lantarki Ke Biyowa



An nemi in yi ɗan bayani kan wutar lantarki a Wurno da Rabah da Goronyo. Zan fara da tambayar da wani ɗalibi ya taɓa yi mini: tunda ga madatsar ruwa a Goronyo, me ya sa muke kwana cikin duhu? Amsa ita ce, madatsar Goronyo da aka kammala a 1984 a kan gulbin Rima, mai iya ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, an gina ta ne don noman rani da ruwan sha. Ba a sa mata injin samar da wuta ba.

To, daga ina wutarmu take zuwa? Layin da ke ciyar da mu ya taso ne daga Kainji, cikin Jihar Neja, inda aka kammala madatsa a 1968. A can ruwan Kwara ke gangarowa da ƙarfi ya juya manyan injuna, su kuma su juya janareto. Wutar sai ta haɗu da ta sauran tashoshin ƙasa, waɗanda yawancinsu da iskar gas suke aiki. Ana ɗaga ƙarfinta zuwa bolt 330,000 don kada ta zurare a hanya, ta nufi Birnin Kebbi. Nan a rage ta zuwa 132,000 ta shigo Sakkwato, a sake rage ta zuwa 33,000 ta kamo hanyar garuruwanmu. Taransifomar unguwa ce ke sauke ta zuwa wajen 230, wadda ƙwan ɗaki da fanka za su iya ɗauka.

Kun ga ke nan a wutsiyar layi muke. Idan iskar farkon damina ta kayar da falwaya ɗaya a daji, ko ɓarawo ya kwashe man taransifoma, gari guda ya shiga duhu. Mai injin niƙa da mai walda su koma sayen mai da tsada, maganin da ke firjin asibiti ya lalace, ɗalibi ya yi karatun jarrabawa da tocila.

Sunaye dai sun sha canzawa. NEPA da muka sani an kafa ta a 1972, ta koma PHCN a 2005, sannan a 2013 aka miƙa rarraba wuta ga 'yan kasuwa. Jiharmu da Kebbi da Zamfara da Kaduna suka faɗa ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna. Amma tsawon wayar bai ragu ba.

Abin da ya canza shi ne doka. Tun 2023 an bai wa jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta. Ga kuma rana da Allah Ya hore mana. Ƙaramar tashar sola da batura, da 'yan turaku, da mita a kowane gida, tana iya riƙe kasuwa da asibiti da makaranta. An yi irin wannan a Kurdula, cikin ƙaramar hukumar Gudu.

Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawara uku. Mu kafa kwamitin da zai ƙididdige buƙatar wutar makarantarmu, ya kai wa hukuma a rubuce. Mu haɗa kai da masu unguwanni wajen gadin taransifoma. Mu kuma riƙa biyan kuɗin wuta, mu nemi mita, domin wanda bai biya ba bakinsa ba ya kaifi wajen neman hakki.

Malamanmu sun koya mana lissafi da fitilar ƙwai. Abin kunya ne a ce jikokinsu ma haka za su yi, alhali cikinmu akwai injiniyoyi da manyan ma'aikata.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.