'Yancin Ɗan Adam a Bakin Masu Ƙyamar Baƙi



A Turai, 'yan siyasa masu tsattsauran ra'ayin ƙyamar baƙi sun sauya salon magana. Yanzu da sunan kare 'yanci suke kai hari.

A Nuwamban 2009, jam'iyyar SVP ta Suwizalan ta jagoranci ƙuri'ar raba-gardama da ta haramta gina hasumiyar masallaci, alhali hasumiyoyi 4 ne kacal a ƙasar. Hoton kamfen ɗinta mace ce sanye da niƙabi, wai ana tausaya wa mata. A Janairun 2023, ɗan siyasa Rasmus Paludan ya ƙona Alƙur'ani a gaban ofishin jakadancin Turkiyya a Stockholm, da hujjar 'yancin faɗar albarkacin baki. A Holan, Geert Wilders, wanda jam'iyyarsa ta fi samun kujeru a zaɓen 2023, ya daɗe yana neman a rufe masallatai, yana kuma kiran kansa mai kare 'yanci.

Dabarar a bayyane take: a ɗauki haƙƙin wani a mayar da shi bulalar dukan wani. Kundin haƙƙoƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1948 ya ba kowa 'yancin addini, ba tare da duba asali ba. A 2022 ma, Kotun Ƙolin Najeriya ta tabbatar wa ɗalibai mata a Legas 'yancin sa hijabi.

Idan ɗan siyasa ya ambaci 'yanci, a Najeriya ko a Turai, ku tambaye shi: na wa? Idan bai haɗa da wanda ba ya ƙauna ba, neman ƙuri'a kawai yake yi.